Sau Nawa, Cikin Wane Lokaci?

Ƙannena 'yan sakandare, da ku da kuka fara ɗora ƙafa a manyan makarantu, akwai wata kalmar Turanci da ke bin ku daga aji zuwa aji, wato frequency. Malamin lissafi zai rubuta ta a saman jadawali. Malamin fiziks zai ba ta harafin f, ya ce da haz ake auna ta. Wadda ta samu gurbi a kwalejin koyon aikin lafiya ta Tsafe za ta tarar da ita a takardar ba da magani. Mai gyaran janareta a Gusau kuwa da ita yake cin abinci, ko da bai taɓa furta ta ba. Abin da ke damuna shi ne yadda kuke haddace mata ma'ana huɗu daban-daban, ku juye a takardar jarrabawa, ku fito ku karkaɗe riga. Alhali tambaya ɗaya ce a ƙarƙashinsu duka: abin nan sau nawa yake maimaituwa, kuma cikin wane tsawon lokaci? Rabin farko na tambayar kowa na yin sa. Rabi na biyun ake mantawa, kuma nan ake asarar maki, a yi asarar kuɗi, wani zubin har da rai.

Mu fara da rediyo, tunda babu gidan da ba ta shiga ba a ƙasar nan tamu. Iyayenmu da mita suka saba. A da, za ka ji dattijo a Bungudu yana cewa Kaduna tana kan mita 49, ya yi ta murɗa allura har ya kamo ta. A takarda kuwa, wannan tashar gajeren zango ta Rediyon Najeriya Kaduna an rubuta ta da kilohaz 6090. Yaro zai ɗauka abu biyu ne, nan kuwa abu ɗaya aka auna ta fuska biyu. Saƙon rediyo igiya ce mai kaɗawa, gudunta gudun haske, kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya. Haz ɗaya shi ne kaɗawa ɗaya a daƙiƙa, kuma an ɗauko sunan ne daga Heinrich Hertz, Bajamushen da ya nuna a 1887 cewa lallai akwai irin waɗannan igiyoyi. Kilohaz 6090 ke nan kaɗawa 6,090,000 a kowace daƙiƙa. Ku ɗauki biro ku raba mita 300,000,000 da wannan adadi, za ku samu 49 da 'yan kai. To ga mitar dattijo ta fito: tsawon kaɗawa guda ce.

Ku dubi uba da ƙaramin ɗansa sun kama hanyar kasuwa tare. Uban taku mai tsawo yake yi, ɗaya bayan ɗaya; yaron taku gajere, da sauri-sauri; amma tare za su isa. Duk igiyoyin rediyo gudunsu ɗaya, saboda haka wadda kaɗawarta ta yi yawa dole takunta ya gajarta. Tashar Pride FM ta Gusau da ke kan 103.5 tana kaɗawa sau miliyan 103 da rabi a daƙiƙa, takunta ko mita 3 bai cika ba.

Wannan bambanci ba na takarda ba ne kawai. Igiyar gajeren zango takan haura sama ta daki wani rufin iska da hasken rana ke cazawa, ta dawo ƙasa a wuri mai nisan dubban kilomita. Ta haka ne Sashen Hausa na BBC, wanda aka buɗe a 1957, ya riƙa isa kunnen manomi a bakin gonarsa, ana harbo shi daga tsibirin Ascension da ke tsakiyar tekun Atalantika. Da yake rufin yana sauyawa tsakanin dare da rana, dole masu gabatarwa su riƙa sauya mita: shirin rana a ƙananan lambobi irin 16 da 19, na asuba da na dare a manya. FM kuwa ba ta dawowa daga sama, ratsawa take yi ta wuce. Tafiyarta miƙe ce, iyakar inda eriya ke hangowa. Shi ya sa take da tsabtar murya a cikin gari, amma in ka yi nisa, ko babban dutse irin na Kwatarkwashi ya shiga tsakaninka da eriyar, sai ta fara shashsha.

Na san za ku ce wa ke ta gajeren zango yau, ga waya a hannu. To ai wayar ma rediyo ce, mai aikawa da karɓa. Da aka yi gwanjon lasisin wayar salula a farkon 2001, MTN da Econet kowanne ya biya dala miliyan 285. Ba fili suka saya ba, ba gini ba. Izinin amfani da wani yanki na kaɗawa suka saya, a wajajen megahaz 900 da 1800, don kada wani ya hau musu kai. A Disambar 2021 aka sake irin wannan gwanjo na 5G, MTN da Mafab kowanne ya ci a kan dala miliyan 273.6. Hukumar NCC ke raba wa kamfanonin waya, NBC ke ba gidajen rediyo da talabijin lasisi. Kuma mai rabawa yana iya rufewa. Mu 'yan Zamfara ba labari aka ba mu ba. A farkon Satumbar 2021 aka umarci kamfanoni su kashe sabis a faɗin jihar saboda yaƙi da 'yan bindiga, aka ce mako biyu. Gusau sai da ta yi kusan wata guda, sauran wurare kuwa sai wajen ƙarshen Nuwamba. Waya ta koma tocila da agogo, masu POS suka naɗe hannu, mai son gaida ɗan'uwansa sai ya bar jihar. Abin da bai mutu ba a kwanakin nan shi ne 'yar rediyon tsoho mai batir biyu, don ita ba ta jiran izinin kowa kafin ta kama abin da ke yawo a sama. Idan akwai irinta a gidanku, kada ku bari a sayar wa 'yan gwangwan.

Wutar lantarki ba zan daɗe a kanta ba. Wutar da ke zuwa mana tana kai da komo sau 50 a daƙiƙa. Ta Amurka sau 60. Don ƙaramin janareta ya ba da 50 ɗin nan, sai injinsa ya juya sau 3,000 a minti. In an labta masa kaya fiye da ƙarfinsa, kukansa zai yi ƙasa, juyin ya ragu, fanka ta yi sanyin jiki; da kunne makaniki ke gane wannan tun kafin ya ɗauko abin awo. Abin da ke faruwa da babban layin ƙasa ke nan. A cibiyar kula da shi da ke Osogbo, lambar da ake zuba wa ido ita ce 50. In abin da ake ja ya fi abin da Kainji da Jebba da Shiroro da tashoshin gas ke turowa, lambar za ta faɗi, injuna su kashe kansu don kada su lalace, sai ku ji an ce babban layi ya durƙushe. Darasin da ya shafe ku a nan ƙarami ne: kafin ku jona wani inji ɗan gwanjo da ya fito daga waje, ku juya bayansa ku karanta. In 60 kaɗai aka rubuta, ko ƙarfin wuta 110 zuwa 120 alhali namu 230 ne, ku nemi wanda ya sani.

Na ajin lissafi kuwa shi ne wanda kuka fi rainawa: a ja sanda huɗu, a gitta ta biyar, a ƙirga sau nawa kowane abu ya bayyana. Ga shi kamar wasan yara. Amma da wannan ƙidayar ce Alkindi, masanin Bagadaza na ƙarni na 9, ya gano hanyar warware rubutun sirri. Ya lura cewa a kowane harshe wasu haruffa sun fi wasu yawan zuwa, kamar alif da lam a Larabci. Saboda haka ko an musanya haruffa da alamomi, alamar da ta fi yawa za ta tona kanta. Ku gwada da layi biyar na wannan shafi, ku ga ko akwai harafin da zai kamo ƙafar "a". Ku ma kuna da inda za ta yi muku rana. Mai shirin WAEC ko NECO ko JAMB ya tara tambayoyin shekarun baya, ya ja sanda a gaban kowane babi duk inda ya fito; kafin ya gama zai san inda ya kamata ya fi zama. Wadda ke taya mahaifiyarta sayar da awara ko ƙuli-ƙuli ta rubuta cinikin kowace rana na wata guda, za ta ga ranakun da kaya ke kwantai, ta daina soya abin da ba za a saya ba. Ƙwaƙwalwa takan riƙe ranar da aka yi babban ciniki ta manta ranaku goma na kwantai. Takarda ba ta da wannan son zuciya.

Yanzu ga inda nake son ku buɗe kunne. Sau nawa ka ji abu daban, sau nawa abin ya faru daban. A wuri irin namu, inda tsoro ya zauna da gindinsa, haɗa waɗannan biyu yana da tsada. Ba na musun abin da ke faruwa. Wanda ke bin hanyar Gusau zuwa Funtuwa ta Tsafe ya san ba a wasa yake karanta addu'ar tafiya ba, kuma akwai gidajen da har gobe ba su daina kuka ba. Amma bidiyo ɗaya da ya shigo maka ta zaure goma na WhatsApp, aukuwa ɗaya ce, ba goma ba. Wani ma na shekarun baya ne, wani ko a Najeriya ba a ɗauke shi ba. Malaman hadisi sun riga mu sanin wannan. Ba sa kiran labari mutawatiri don kawai bakuna da yawa sun faɗe shi. Sai an samu jama'a masu yawa a kowane mataki, waɗanda a al'ada ba zai yiwu su haɗa baki a kan ƙarya ba, kuma asalin labarin abu ne da aka gani ko aka ji, ba zato ba. Mutum dubu da suka kwafo daga mutum ɗaya, shaida ɗaya ce. Kafin ka tura saƙon da zai hana wani barci, ko ya sa a far wa baƙon da bai ji ba bai gani ba, tambayi wanda ya turo maka: a ina ne, yaushe ne, kai ka gani ko turo maka aka yi? In ya ce shi ma turo masa aka yi, to ya tsaya a wayarka.

Akwai kuma ɗaya gefen, wanda ya fi ba ni tsoro. Abin da ke faruwa kullum yakan daina zama labari. Kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya a Najeriya suke, kuma ƙananan yara ne suka fi mutuwa. Ba wanda ke tura bidiyonsu. Saurayin da ke gudun hanya saboda 'yan bindiga, shi ne zai hau babur ba hular kwano ya tsula gudu cikin gari, ya dawo ya kwana ba gidan sauro. Bai ƙirga ba ne. Da ya ƙirga jana'izar unguwarsu ta shekara guda, ya tambayi sanadin kowace, da ya san abin da zai fi jin tsoro.

A kan karatu kalma biyu ta isa, don kun riga kun gani a makarantar allo. Ba a haddace Alƙur'ani da zaman dare ɗaya. Da tilawar asuba da ta dare ake riƙe shi, a wanke allo a sake rubutawa, a koma baya a yi bita. Wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya wallafa bincikensa a 1885 inda ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a sa'o'in farko bayan koyo, kuma bitar da aka rarraba cikin kwanaki ta fi wadda aka tara wuri ɗaya zama a kai. Minti 30 kullum na mako biyu da awa 7 na daren jarrabawa duk lokaci ɗaya ne a lissafi, amma ba su ɗaya a sakamako. Yau da gobe ke sa allura ginin rijiya.

Na bar magani a ƙarshe don shi ya fi kusa da rai, kuma don ku ne masu karanta wa gida. Kaka za ta dawo daga asibiti ko kemis da 'yar ambulan, an ja mata sanda uku ko an rubuta 1 x 3, ta miƙo maka ta ce ɗan nan duba mini. A wannan lokacin kai ne ma'aikacin lafiyar gidan. Magani in ya shiga jini ba ya zama. Hanta da ƙoda suna ta fitar da shi. Abin da likita ke so shi ne kada ya yi ƙasa har ƙwayar cuta ta farfaɗo, kada kuma ya yi sama har ya zama guba. Tazarar da ke tsakanin sha da sha ita ke riƙe wannan ma'auni. Don haka sau uku a rana, musamman a maganin kashe ƙwayoyin cuta, kusan duk awa 8 ake nufi: misali shida na safe, biyu na rana, goma na dare. Wanda ya sha da karin kumallo, ya sha da azahar, ya sha da magariba, ya cika uku a ƙidaya, amma ya bar dogon dare babu komai a jini. Wanda kuma ya manta na safe ya haɗa biyu da rana don ramuwa, ya ƙara wa kuskure kuskure. Idan azumi ne, kada ku tsara da kanku. A faɗa wa likita, sau da yawa akwai wanda ake sha sau biyu ko sau ɗaya, kuma shari'a ta yi wa marar lafiya rangwame.

Maganin zazzaɓin cizon sauro da aka fi bayarwa yanzu, irin su Coartem, sha shida ne cikin kwana uku: na farko, na biyu bayan awa 8, sannan safe da dare na kwana biyu. Ana so a sha shi da abinci mai ɗan maiƙo ko madara don jiki ya fi tsotsarsa. Abin da muka saba shi ne, da jiki ya yi sanyi a kwana na biyu sai a ɓoye ragowar a ƙarƙashin katifa, a ce na wani karon ne. Ƙwayoyin cutar da suka rage a jini su ne masu taurin kai, kuma su aka bari su hayayyafa. Haka maganin rigakafin da ake bi gida-gida ana ba yara 'yan wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5 a lokacin damina: wata-wata ne, kuma kowane zagaye kwana uku ne. Ma'aikata na ba da na ranar farko, su bar wa uwa na kwana biyu. Ku tuna mata.

Farasitamol kuwa, da muke ɗauka kamar alewa, yana da iyaka. Babba ba ya wuce giram 4 cikin awa 24, wato ƙwaya 8 ta miligiram 500, kuma a bar aƙalla awa 4 tsakanin sha da sha. Na yaro da nauyinsa ake aunawa, ba da ido ba. Tarkon shi ne yawancin magungunan mura da na ciwon jiki akwai shi a ciki, har da haɗin da ake ƙulla wa mutum a leda ba suna. Mai aikin ƙarfi zai sha wannan ya sha wancan, bai san abu ɗaya yake ninkawa ba, kuma hanta ba ta yin ƙara sai ta riga ta ji jiki. Kada ku bar gaban mai ba da magani sai kun samu amsa uku: ƙwaya nawa, bayan awa nawa, har kwana nawa. Ku rubuta a jikin ambulan da Hausa ko da ajami, ku sa wa wayarku ƙararrawa.

Akwai wata ƙidaya da nake so kowannenku ya iya, don ba ta buƙatar komai sai agogon waya. In ƙaninka ko ƙanwarka na tari ko numfashinsa ya sauya, jira ya natsu, ba lokacin kuka ko shan nono ba. Ɗaga rigarsa ka dubi ciki ko ƙirji, ka ƙirga ɗagawar har minti ɗaya cur; kada ka ƙirga rabi ka ninka, don numfashin jarirai ba ya tafiya daidai. Jaririn da bai kai wata 2 ba, in ya kai 60 ko fiye, ya yi sauri. Daga wata 2 zuwa shekara 1, iyakar 50 ce. Daga shekara 1 zuwa 5, 40 ce. Wanda ya kai iyakar ko ya wuce, ana zargin limoniya, wato sanyin haƙarƙari, kuma ma'aikacin lafiya ya kamata ya gan shi a ranar, ba a jira kwanan kasuwa ba. In kuma ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa ciki duk lokacin da ya ja numfashi, ko ya kasa shan nono ko ruwa, ko yana amayar da komai, ko ya yi jijjiga, ko barci ya danne shi ba ya farkawa da kyau, to babu sauran ƙidaya, sai asibiti mafi kusa. Da kun isa, ku faɗa wa nas adadin da kuka samu da ƙarfe nawa kuka ƙirga.